Gasar mawaƙa bayan yankan riɗi: a yi ta ko a bar ta?

Ustaz Bashir, Gadarif:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, akwai maganar da ta gagare mu a zaman matasan unguwarmu, shi ne aka ce in kawo ta nan tunda akwai manya da masana a cikinmu.

Wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya ce zai ɗauki nauyin gasar mawaƙan Hausa idan an gama yankan riɗi da dawa, lokacin da kuɗi ya ɗan shigo hannun mutane. Kun san tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 garin nan ya cika da 'yan'uwanmu daga Khartum da Madani da Sinja. A cikinsu akwai samari masu murya, akwai makaɗa, suna zaune a makarantu da gidajen dangi ba wanda ya san da su. Tsarin da aka kawo shi ne kowa ya ɗauki bidiyonsa a waya a ɗora a Facebook, mutum goma da suka fi samun layik su haɗu a fili dare ɗaya, alƙalai uku su fitar da gwani ya kwashe kyautar.

Wasunmu sun ce alheri ne. Wasu sun ce gasa ba ta haifar da komai sai gaba da zargi, gara a sayo wa yaran kayan kiɗa da kuɗin. Ni ina cikin masu son a yi, amma tsarin nan bai kwanta min ba. Me kuka gani?

Nura, ɗan Madani:
Wa'alaikumus salam Ustaz. Don girman Allah a yi. Kada a kashe maganar nan da yawan shawara.

Sani, Jidda:
Ustaz, Allah ya saka wa mai ɗaukar nauyin da alheri. Amma ku cire maganar layik tun yanzu. Layik sayen sa ake yi. Wanda yake da ɗan'uwa a nan Saudiyya ko a Ƙatar, a tura masa 'yan riyaloli, kafin gari ya waye bidiyonsa ya haura na kowa. Ko ba a saya ba, ku duba wa ke da intanet. Yaron da danginsa ke cikin garin Gadarif ko Bur Sudan zai tara jama'a, wanda nasa ke ƙauyukan bakin Rahad, inda sai an biya kuɗin awa a wurin mai Starlink kafin a buɗe saƙo, wa zai danna masa?

Mun ga haka a manyan gasanni. Lokacin da Muhammad Assaf na Gaza ya ci Arab Idol a 2013, ba mai musun muryarsa. Amma kowa ya san al'umma guda ce ta tashi tsaye a bayansa, har Mahmud Abbas ya yi kira a zaɓe shi, kuma kowane saƙon zaɓe da kuɗi ake tura shi. Da wani ne mai irin muryar nan daga ƙasar da ba ta damu da shirin ba, ba lallai ya kai ƙarshe ba. Ku tuna kuma gasar Amirush Shu'ara ta Abu Dabi a 2007. Tamim al-Barghuti bai zo na ɗaya ba, amma waƙarsa a kan Ƙudus ita ce har yau yara ke hardacewa. Rauda al-Hajj tamu ta Sudan ma tana cikin waɗanda suka kai ƙarshe a shekarar, ba ta ci ba. Ka tambayi mutum goma a titi sunan wanda ya ci, ka ji.

Ban ce gasa ba ta da amfani ba. A nan ƙasar, kafin 2016 da aka kafa hukumar nishaɗi, yarinya mai murya ba ta da inda za ta nuna ta a fili. A 2020 aka kafa hukumar kiɗa, a ƙarshen 2022 aka fara Saudi Idol, kuma mace ce ta ci, Hams Fikri. Ƙofa ce ta buɗe. Sai dai ƙuri'ar jama'a tana auna yawan mutanenka ne da nauyin aljihunsu.

Baba Idi Mai Kalangu, Mai Wurno:
Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa masa.

Bashir ɗana, na gode da ka tuna da mu. Ni na taɓa shiga irin wannan abin, da daɗewa, wani nadi ne, wato ƙungiyar samari, ya shirya a wani gari da ba zan faɗa ba. Aka sa ni na farko, ana idar da magariba. Kujeru babu kowa sai yara da masu sayar da shayi. Aka ce min minti biyar. To minti biyar me makaɗi zai yi da shi? Sai na sa kalangu a hammata na matse tsarkiya na sassauta har in ji fatar ta amsa, sai 'yan amshina sun sami bakin waƙar sun zauna a kai, sai na leƙa fili na ga wane ne ya shigo, ɗan wane ne, jikan wane ne, in kira shi da kirarin gidansu in ga ya miƙe. A nan waƙa take farawa. Waƙarmu tukunyar ƙasa ce, ba ta tafasa da wuri, amma in ta tafasa ba ta saurin hucewa. Ni kuwa ko ɗumi ban yi ba aka kaɗa min hannu wai lokaci ya cika.

Alƙalan nan mutanen kirki ne, amma biyu a cikinsu ba sa jin Hausa. Kalangu magana yake yi. In na kaɗa taken manoma, Bahaushe yana jin abin da ganga ta ce kalma bayan kalma, tsigar jikinsa ta tashi. Wanda ba ya jin harshen, bugu kawai yake ji. Yaron da ya zo can cikin dare da orgun da manyan lasifika, fili ya cika, shi ya ci. Ban riƙe shi a zuciya ba, ya iya abinsa. Amma ba abu ɗaya muka yi ba, da me aka gwada mu?

Shata bai ci gasar kowa ba kafin ya zama Shata. Ɗanƙwairo haka, Narambaɗa haka. Ɗan Maraya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Bahaushe yana da gasarsa tun kaka da kakanni: filin biki. In ka iya, a yi maka kari, a sake kiranka baɗi. In ba ka iya ba, ba wanda zai zage ka, sai dai ka ji shiru. Kakanninmu da suka baro Burmi a 1903 suka kafa garin nan sun zo da kiɗansu, ya kai har yau ba tare da an ba kowa lamba ba.

Hajiya Asabe, Kasala:
Baba Idi, Allah ya ja kwana, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka ta minti biyar gaskiya ce, ba mai ja. Amma filin biki da ka ce, ka yi min haƙuri, ba alƙali ne mai adalci ba shi ma. Kari yana bin wanda ya iya wasa mai kuɗi. Wanda ya yi waƙa a kan halin da talaka ke ciki, ko a kan uwar da ta baro gidanta da ɗan ƙunshi a ka, wa zai liƙa masa? Kuma filin nan na maza ne. Mu mata muna da waƙoƙin daka da na niƙa da na kamun amarya da amada, suna mutuwa a cikin gida tare da tsofaffinmu.

Ku tuna da A'isha Fallatiya, jininmu ce, a nan Kasala aka haife ta. A gidajen biki ta fara, mahaifinta malami ne, bai so ba. Da an bar ta a gidan biki, da yau ba wanda ya san ta wuce unguwarsu. Rediyon Umdurman da aka buɗe a 1940 shi ya ba ta makirfo, ta zama mace ta farko da aka ji tana waƙa a cikinsa, 'yar'uwarta Jiddawiyya na kaɗa mata udu, wato garayar Larabawa. Ta rasu a 1974, amma har yau in Balaraben Sudan zai lissafa manyan mawaƙan ƙasar nan sai ya ambace ta. Abin da ta samu shi ne wurin da za a ji ta. In gasar nan za ta ba yaranmu wannan, ina goyon baya.

Tambayata ga Ustaz: 'yan mata za su shiga? In da bidiyo a Facebook ne, ka san babu uban da zai yarda fuskar 'yarsa ta yi yawo ana zubar mata da maganganu a ƙasa. Da wannan tsarin kun fitar da rabin masu murya kafin a fara.

Sani, ka kyauta da ka tuna da Rauda, ita ma 'yar garin nan ce.

Nura, ɗan Madani:
Baba, ranka ya daɗe, a gafarce ni in yi magana. Kai kana da filin biki domin Mai Wurno ta san ka, ta san mahaifinka. Ni wa ya san ni a Gadarif? Ina da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a Madani, kwamfuta da orgun da makirfo biyu, da kuɗin leburanci na haɗa su ɗaya bayan ɗaya. A Disambar 2023 muka fito da kayan jikinmu. Bayan an koma garin a farkon 2025 wani abokina ya je ya duba min, ko wayar lantarkin bango ba a bari ba. A nan in ana biki masu gari suna da mawaƙansu. Na je wurin mutum nawa, sai a ce “kai ɗan wane ne?” Gasa ce kaɗai wurin da baƙo zai hau dandali ba tare da ya san kowa ba.

Shirin Nujumul Gad na Babikir Siddiƙ a tashar Nil Azraƙ, yara nawa ya fito da su daga garuruwan da ba wanda ke leƙawa? Da yawansu ba su ci ba ma, an dai gan su, aka fara kiransu hafla, wato wasan biki.

Sannan ni tsorona alƙalai ne, ba jama'a ba. In aka zaunar da dattawa uku, suna jin sautin kwamfuta za su ce wannan ba waƙa ba ce. Alhali matasanmu a nan abin da suke ji a waya su Umar M. Shareef ne da Hamisu Breaker da Ado Gwanja. Jama'a ko ba komai suna jin irin abin da muke yi. Kada a cire su gaba ɗaya.

Malama Zainab, Bur Sudan:
Sannunku. Na karanta duka, kuma ina ganin Baba da Nura ciwo ɗaya suke kuka da shi, kowa yana tsoron kunnen da bai san kiɗansa ba. Mu da muka bi ta Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo a Khartum mun san wannan. Waƙar Sudan a kan sautuka biyar take tafiya. Alƙalin da ya tashi da maƙamai, wato tsarin sautukan waƙa, na Masar da Sham, in ɗan Sudan ya tsaya gabansa, sau da yawa sai ya nemi ya rera masa ta Masar ko ta Labanan kafin ya san yadda zai auna shi. Ba mugunta ba ce, ma'aunin da ke hannunsa ke nan.

Turawa ma da suka daɗe suna wannan harka ba su tsira ba. Gasar fiyano ta Chopin a Warso, wadda aka fara a 1927 kuma ake yi duk shekara biyar, a 1980 aka fitar da wani saurayi ɗan Yugoslabiya, Ivo Pogorelich, kafin zagayen ƙarshe. Martha Argerich, ɗaya daga cikin alƙalan, ta ajiye aikin ta fice don nuna rashin yarda. Dang Thai Son na Biyetnam ya ci, gwani ne shi ma na gaske, amma hayaniyar ta sa sunan wanda aka fitar ya fi tashi a lokacin. Ƙwararru ne fa duka, abu ɗaya suka saurara a ɗaki ɗaya.

Abin da ya sami Baba na sa shi a farko, an yi bincike a kansa. A gasar Sarauniya Elizabet ta Beljiyam ƙuri'a ake jefawa a san wa zai fara, amma da masana suka bi sakamakon shekaru masu yawa sai suka ga waɗanda suka hau a ƙarshe-ƙarshe sun fi samun matsayi mai kyau. A 2013 kuma wata mai bincike, Chia-Jung Tsay, ta nuna wa mutane guntayen bidiyo na waɗanda suka kai ƙarshe a gasanni. Waɗanda suka kalli hoto babu sauti sun fi cankar wanda ya ci a kan waɗanda suka ji sauti babu hoto. Har da ƙwararrun makaɗa a cikin masu cankar. Wannan ya girgiza ni da na fara karanta shi, don yana nufin ido na yanke hukunci kafin kunne: tsayuwa, sutura, motsin hannu. Yaron da ya fito daga makarantar da ake tsugunar da 'yan gudun hijira da jallabiya ɗaya tal, ya tsaya kusa da wanda aka ɗinka wa sabuwa, an riga an fara ba shi baya.

Shi ya sa manyan ƙungiyoyin kiɗa a Amurka tun shekarun 1970 suka fara sa labule tsakanin mai neman aiki da masu saurare. Irinsa ne kujerun alƙalan gasar waƙa ta talabijin The Voice da ke juya wa mawaƙi baya. To mu ma zagayen farko a yi shi da sauti kawai. Kowa ya turo murya, a sa mata lamba, mutum ɗaya amintacce ya riƙe sunayen. Wannan ya warware matsalar Hajiya Asabe ta 'yan mata, ya kashe sayen layik. A daren ƙarshe kuma kowa ya hau sau biyu, wanda ya fara a karon farko shi zai rufe a na biyu. Kuma duk alƙalin da ɗansa ko almajirinsa ke ciki, kada ya ba shi maki.

Abu Fatima, Makka:
Ni dai tambayata, kiɗan nan ma ya halatta da har ake neman adalci a cikinsa? Da kuɗin nan an sa shi a musabaƙar Alƙur'ani.

Malam Haruna, Damazin:
Abu Fatima, Allah ya saka maka da kishin addini. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba a zauren nan za a gama shi ba, kuma wanda ya zaɓi tsantseni ba a zarginsa. Amma tunda ka ambaci musabaƙa, akwai darasi a cikinta.

Na zauna a teburin alƙalancin musabaƙa a matakin unguwa da na gari. Abin da ke sa uba ya koma gida da ɗansa da ya faɗi ba tare da ya zagi kowa ba shi ne ya ga inda aka rage makin. Yaro ya yi tuntuɓe a aya, an kaɗa ƙararrawa a gaban kowa, an rubuta. Maki na hadda daban, na tajwidi daban, na murya daban. Kuma ba a haɗa kowa a kwando ɗaya. Gasar Sarki Abdul'aziz da ake yi a Makka tun 1979 rukuni-rukuni ce. Ta Nijeriya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986 ma haka, mai izu sittin da 'yan'uwansa, mai izu ashirin da nasa. Don me za a sa Baba Idi da kalangu ya kara da Nura da kwamfuta? A yi rukunin gargajiya, a yi na zamani, kowane da alƙalan da suka san shi.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Alƙur'ani nassi ne tsayayye, kuskure a cikinsa a fili yake. Waƙa ba ta da mus'hafin da za a buɗe a ce ga inda ka kauce. Ana iya auna ko murya ta fita daga kiɗa, ko Hausar ta karye, ko baiti ya yi ɗingishi. Abin da ya wuce nan, na cewa wannan ta fi taɓa zuciya, ra'ayi ne, ko wa ya faɗe shi. Littattafan adabi sun kawo cewa a kasuwar Ukaz, kusa da Ɗa'if, ana kafa wa mawaƙi Nabiga rumfar jar fata mawaƙa su zo su rera masa ya yi musu alƙalanci. Ya fifita A'asha, ya nuna wa Khansa'u cewa ba don A'asha ya riga ta ba da ita ce gaba, Hassanu ɗan Sabit ya fusata ya yi masa gardama a wurin. Ga alƙali guda, ga wanda ya riga wani, ga wanda bai yarda ba. Waƙoƙin su ukun duka sun iso mu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Mu a nan mun ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nil Azraƙ a Yuli da Oktoban 2022, mun binne mutanenmu. Ba na son wani abu da zai sa a fara cewa 'yan Mai Wurno ku fito ku zaɓi naku, 'yan Madani ku zaɓi naku, 'yan gari da baƙi. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, ba mu da ƙarfin rabuwa. A kuma rubuta a sharaɗi: ba zambo ga wata ƙabila, ba waƙar zuga ɓangaren yaƙi, ba batsa.

Alhaji Sale, Gadarif:
Ni abokin mai ɗaukar nauyin ne, na san ra'ayinsa. Duk abin da kuka faɗa mai kyau ne, amma ku sani shi yana son abin ya yi armashi, gari ya ɗauka. In aka yi zagayen farko a ɓoye da lambobi, wa zai san ana yin wani abu? Kuma kyauta ɗaya babba ita ke jawo mutane. In ka yanka ta gida shida kowa ya sami abin da ba zai saya masa ko makirfo ba, ba wanda ya amfana. Mutum ya sa dukiyarsa, yana da haƙƙin ya ga taro.

Sani, Jidda:
Alhaji, taro zai samu a daren ƙarshe. Bayan an fitar da goman, a ɗora muryoyinsu a Facebook mutane su ji su yi ta muhawara, amma kada layik ya shiga maki. Don Nura kuma, a ware kyautar 'yan kallo ƙarama. Duk wanda ya shigo fili a ba shi takarda ɗaya a ƙofa, ya jefa a akwati, a ƙirga a gaban kowa. Mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ba wanda zai zauna a Jidda ya saya.

Malama Zainab, Bur Sudan:
Alhaji Sale, a kan kyautar ban yarda ba. Tsakanin na ɗaya da na biyu a irin wannan dare sau da yawa bambancin bai wuce janareto ya yi tari a tsakiyar waƙar wani ba. Ka ba ɗaya komai, ɗayan ya tafi hannu rabbana, ka ɗora wa hukuncin mutum uku nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Daga nan zargi ke fitowa. Abin da zai zauna wa yaran nan shi ne a ɗauki waƙar kowane ɗaya daga cikin goman da sauti mai kyau a ba shi abarsa, mallakinsa. Wannan a rubuta shi, don an sha ganin mai shirya taro ya riƙe faifan ya ɗora a tasharsa ta YouTube, mai waƙar na kallo. In kuɗin ya isa a sayi kayan ɗaukar sauti da za su zauna a hannun lajna, wato kwamitin gasar, kowa ya yi amfani da su, ya fi kofi.

Baba Idi Mai Kalangu, Mai Wurno:
Asabe, kin faɗi gaskiya a kan mata, na karɓa. Nura, yaron kirki, maganarka ta shiga raina. Ban san an kai inda za a tambayi mai murya ɗan wane ne ba kafin a saurare shi. In ka sami mota ka zo Mai Wurno, akwai buki bayan girbi, zan tsayar da kai a gefena.

Amma ga abin da ba wanda ya ambata. In mawaƙi ya ci, makaɗansa fa? 'Yan amshi fa? A gidanmu in an dawo daga wasa ana zube abin da aka samu a tabarma, uban kiɗi ya ɗauki nasa, mai ganga nasa, 'yan amshi nasu, har yaron da ke ɗaukar kaya. Gasar zamani suna ɗaya take kira a lasifika. Ku sa a takarda yadda za a raba tun kafin a hau, in ba haka ba ƙungiyar da ta ci ita za ta fara watsewa.

Nura, ɗan Madani:
Na gode Baba, Allah ya bar girma. In sha Allahu zan zo.

Na yarda da sauti kawai a zagayen farko. Amma a fayyace: za a yarda da na'urar gyaran murya ko a'a? Wanda ke da kwamfuta zai goge muryarsa tas, wanda ya ɗauka da waya a cikin aji mai mutum talatin za a ji kukan yara a bayansa. In ana son adalci a sa rana, kowa ya zo wuri ɗaya, makirfo ɗaya, ba gyara. Ni zan iya riƙe ɗaukar in an samo kayan, sai dai kuma ina son shiga.

Malam Haruna, Damazin:
To ba za ka haɗa biyun ba, ɗana. Zaɓi ɗaya.

Nura, ɗan Madani:
Shiga zan yi, Malam. Akwai wani ɗan Umdurman a unguwarmu da ya iya ɗaukar sauti kuma ba ya waƙa, zan haɗa shi da Ustaz.

Ustaz Bashir, Gadarif:
Madalla. Alhaji Sale, in ba damuwa mu je wurin mutumin tare bayan la'asar ranar Juma'a, don maganar raba kyauta daga bakinka za ta fi shiga. Abin da ya rage min yanzu alƙalai. Na zamani muna da mutum biyu a ido. Na gargajiya, Baba, kai kowa zai ambata.

Baba Idi Mai Kalangu, Mai Wurno:
A'a. Ɗan ƙanena na kaɗa gurmi, kuma na san zai shiga. Ko na ce ba zan ba shi maki ba, makin da zan ba sauran sai an ce don shi na rage. Ku nemo wani daga Kasala ko Damazin, ku biya masa kuɗin mota. Kuma na gargajiya ku ba su aƙalla kwata na awa.

Hajiya Asabe, Kasala:
Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ta yi amada shekaru da yawa, kunnenta ba ya ƙarya, zan tuntuɓe ta in 'ya'yanta sun yarda ta yi tafiyar. Ustaz, 'yan matan da suka tsallake zagayen farko fa, a fili za su tsaya da daddare su ma? Ina da biyu a raina, amma sai na san amsar wannan kafin in tunkari iyayensu.

Ustaz Bashir, Gadarif:
Wannan ba mu tattauna ba, Hajiya. Ana iya yin nasu da rana a cikin gida, mata zalla, alƙalai na bayan labule. Ki tambayi iyayen wanne za su yarda da shi, ki sanar da ni kafin Juma'a.